Kallo a Gida: Data, Filas da Abin da Yara ke Gani

Tun da kasuwar faifan CD ta durƙushe, masu shirya fim suka koma ga fina-finai masu dogon zango, kallo ya dawo cikin waya da falo. Wasiƙun da suka zo mana a wannan watan kusan duk a kan haka suke. Ga waɗanda muka zaɓa.

Tambaya: Ina bin fina-finai uku a YouTube duk mako. Datar 1GB ba ta kai ni ƙarshen kashi biyu. Wayar ce ke sha, ko kamfanin ne ke cuta ta? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Hajiya, laifin ba na wayar ba ne. YouTube na zaɓar kyawun hoto da kansa: da ya ga sabis ya yi ƙarfi sai ya ɗaga zuwa 720p ko 1080p, wato lambobin da ke nuna kyawun hoto, ba tare da ya tambaye ki ba. A 720p awa ɗaya na cin wajen 1GB, wani lokaci har fiye. A 480p kusan rabin haka ne, a 360p kuwa tsakanin 250MB da 350MB. Lissafin kusa-kusa ne, don fitowar rawa ko faɗa ta fi zaman hira a falo cin data. Ke nan zango mai kashi 13, kowanne awa ɗaya, zai ci kimanin 4GB a 360p, amma ya haura 13GB a 720p. A fuskar waya mai inci shida, 360p ya isa a ga fuska sarai a ji magana.

Idan fim ya fara, ki taɓa hoton, ki danna alamar saiti da ke sama ta dama, ki shiga Quality, sannan Advanced, ki zaɓi 360p. Wannan na fim ɗin da kike kallo ne kawai. Don ya zauna, ki shiga Settings na manhajar, ki nemo Video quality preferences, ki sa Data saver. Ki kashe Autoplay ma, domin shi ne ke ci gaba da jawo wani bidiyon bayan barci ya ɗauke ki, ki wayi gari babu ko ƙwaya.

In kina iya jira, akwai datar dare mai rahusa da kamfanonin waya ke sayarwa, galibi daga tsakar dare zuwa asuba. Ki sauke kashin da maɓallin Download da ke ƙasan bidiyon idan mai tashar ya bari, ki kalla da rana. Sai dai abin da aka sauke haka yana cikin manhajar ne kawai: ba ya tafiya ta Xender, kuma lokaci-lokaci sai an buɗe data ya sabunta.

Tambaya: Na kai filas wurin masu tura fim aka cika min. A talabijin wasu sun yi, wasu hoto babu murya, wasu ko buɗewa ba sa yi. Daga wani magidanci a Maraɗi.

Amsa: Malam, matsala uku ce ta haɗu maka, kowace da maganinta.

Wanda bai buɗe ba, duba sunansa. In ka ga x265 ko HEVC, an matse shi ne da sabon tsari wanda ke rage girman fim sosai, amma tsofaffin talabijin ba su san shi ba. Waya za ta kunna shi lafiya, shi ya sa mai turawa zai rantse maka fim ɗin ƙalau yake, kuma gaskiyarsa. Wanda ke nuna hoto babu murya, sautinsa ne ke cikin tsarin DTS ko EAC3, abin da ya fi faruwa da fina-finan Amurka da na Indiya waɗanda sunansu ke ƙarewa da MKV. Ka ce wa mai turawa MP4 kake so, hoton x264, sautin AAC. Wannan haɗin da wuya a sami talabijin mai ramin USB da ba ya karanta shi. In kana da kwamfuta, manhajar HandBrake kyauta ce: ka sa fim ɗin, ka zaɓi Fast 720p30, ta juya maka shi.

Na ukun filas ɗin ne kansa. Tsofaffin talabijin sun fi gane wanda aka tsara da FAT32, shi kuma ba ya karɓar fim ɗaya da ya wuce 4GB. In aka mayar da shi exFAT ko NTFS don manyan fina-finai su shiga, wani talabijin ɗin ba zai ma ga filas ɗin ba. Ka gwada da fim ɗaya kafin ka biya kuɗin cikawa.

Akwai kuma abin da ke ba mu takaici a kasuwa, wato filas na jabu. An rubuta 64GB a jikinsa, kwamfuta ma ta nuna 64GB, alhali ainihin cikinsa bai wuce 8GB ba. Alamarsa ita ce fina-finan farko su yi lafiya, na baya duk su lalace ko da sunayensu na nan a jere. Manhajar H2testw na tona asirinsa. In haka ne, ba gyara sai sauyi.

Tambaya: Na daɗe ban kalli fim ɗin Hausa ba, ina so in dawo. Da wanne zan fara? Kuma in na nema a YouTube sai in ga tashoshi goma da kashi ɗaya. Daga wani ɗan'uwa a Kumasi.

Amsa: Ya danganta da abin da ranka ke so. In rayuwar unguwa kake kewa, da malamin tsangaya da mai shago da rigimar kishiyoyi, Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ne, wanda ya ci kyautar AMVCA, gasar fina-finan Afirka ta tashar Africa Magic, a 2016. In siyasa ce, Kwana Casa'in da ya fara a 2019 ya ɗauki gwamna da 'yan jarida da 'yan bangar wata jiha ta ƙirƙira mai suna Alfawa, kuma a ganinmu rubutunsa na zangon farko na cikin mafi tsauri da aka yi. Labarina na Aminu Saira ya fito a 2020, daga baya ya riƙa sauya labari da jarumai, don haka ba dole ka faro daga tushe ba. Izzar So na Lawan Ahmad shi ma a 2020 ya fara. Mai son dariya ya nufi Gidan Badamasi. Gargaɗi ɗaya: fim in ya samu karɓuwa akan ja shi, sai ka ga abin da kashi ɗaya zai ɗauka an baza shi cikin huɗu.

Batun tashoshi kuwa, mafi yawansu 'yan cin bulus ne. Sukan ɗora hoton sabon kashi a goshi, ciki kuwa tsoffin fitowa ne aka yayyanka aka haɗa. Labarina na tashar Saira Movies, Izzar So na Bakori TV. Ka shiga tashar kanta, ka danna Videos, ka bi ranar ɗorawa. Kallo a can ne ke kai kuɗin talla ga waɗanda suka biya jarumai da masu ɗaukar hoto.

Tambaya: Na sayi igiyar haɗa waya da talabijin mai kan HDMI, ba ta nuna komai. Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Ƙanwata, wataƙila igiyar lafiyarta lau. Ba kowane ramin caji na USB-C ke fitar da hoto ba, kuma yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi caji da tura kaya kawai nasu ke yi. Ɗan abin nan da ake cusawa a bayan talabijin mai suna AnyCast zai haska fuskar wayar ba tare da igiya ba, amma Netflix baƙin allo zai nuna miki ta nan saboda kariyar satar fim. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne ƙaramin akwatin Android na talabijin: ki haɗa shi da HDMI, ki ba shi intanet daga wayarki. In talabijin ɗin mai ramuka uku ne, rawaya da fari da ja, sai an ƙara na'urar juya HDMI zuwa AV, wato waɗannan ramukan.

Tambaya: Yarana sun kamu da son fina-finan Indiya masu fassarar Hausa. Tunda da Hausa ne, ba komai ko? Daga wata uwa a Bauchi.

Amsa: Hajiya, da komai. Mai fassara murya kawai ya ɗora, hoton na nan yadda aka ɗauke shi. Da yawan waɗanda ake fassarawa fina-finan faɗa ne na kudancin Indiya, da sara da suka da jini, waɗanda can ƙasarsu ma ba don ƙananan yara aka yi su ba. Barkwancin mai fassara na sa a manta da hakan, yaro na dariya ana yanka mutum a gabansa. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa na da alamun shekaru irin su G, PG, 12, 15 da 18, Kano ma na da tata hukumar tun 2001, amma fim ɗin da aka turo a memori ba ya zuwa da wata alama.

Don haka tacewar ta dawo hannunki. Kafin ki ba su fim, ki ja shi gaba ki leƙa wuri biyar ko shida, musamman waƙoƙi da rabin awar ƙarshe inda faɗan ke tsananta. Minti biyar ya ishe ki. A wayar da suke riƙewa ki sa YouTube Kids, ko ki kunna Restricted Mode, mai ɓoye bidiyoyin manya, a cikin saitin YouTube. A Netflix ki buɗe musu nasu shafin na yara, ki kulle naki da lambobi huɗu. Dikodar DStv ma na da makullin iyaye, amma da 1234 take zuwa daga kamfani, kuma yaran unguwa duk sun san wannan lambar. Ki sauya ta tun yau.