Ina Neman Asalin Kakana, Baffana Ya Ce In Bari

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A Gangare da ke Jos aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kuma iyakar abin da muka sani game da kakanmu shi ne ya zo haƙar kuza yana saurayi, har ya rasu bai koma garinsu ba. Da na fara tambayar garin da ya fito, sai baffana ya tsawata mini, ya ce yawan tone-tone ke sa kaza ta tono wuƙar yanka ta. In haƙura ne, ko in ci gaba?
Mai karatu daga Jos

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka ci gaba, amma kada ka raina tsoron baffanka, domin yana da tushe. A ƙasar Hausa da asali ake auna mutum ranar neman aure, shi ya sa gidan da kakansu bawa ne, ko mai sana'ar da ake yi wa gori, suka zaɓi yin shiru don kare 'ya'yansu. Sai a 1936 doka ta kammala soke bauta a Arewa, ka ga kuwa zancen bai yi nisan da zai daina ciwo ba. A Jos kuma akwai ƙari, domin tun rikicin 2001 tambayar inda kakan mutum ya fito ta zama makami a jayayyar ɗan ƙasa da baƙo, dattijon da ya ga wannan da idonsa kuwa ba zai saki baki da sauƙi ba.

Addini bai hana ka ba. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta ce an sanya mu dangogi da ƙabilu ne don mu san juna, kuma Tirmizi ya ruwaito hadisin da ke umartar mu koyi nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi. Abin da aka hana shi ne alfahari da nasaba da sukar ta wani.

Ka fara da gwaggonninka da sauran tsofaffin matan gidan, domin su ne ke riƙe da sunaye da kirarin zuri'a. Ka tambaye su irin zanen da ke fuskar kakanka, tunda askar Bagobiri ta bambanta da ta Bakabe, sannan ka tambayi karin harshensa da baƙin da ke sauka a gidansa. Lokacin zuwansa ma yana da muhimmanci: in tsakanin 1942 da 1944 ne, wataƙila yana cikin waɗanda aka kwaso a tilas lokacin yaƙin duniya na biyu, abin da mutanenmu ke kira ɗiban gwamna. Takardun lardunan Arewa na wancan zamani suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, sai dai Turawa sun fi ƙirga leburori da rubuta sunayensu, don haka gundumar da aka ɗebo su za ka fi sa ran samu.

Shi kuwa baffanka, ka same shi shi kaɗai da ɗan goronka, ka roƙe shi ya ba ka labarin rayuwar mahaifinsa, kada ka ambaci kalmar asali, kuma ka yi masa alkawarin abin da ya faɗa ba zai hau Facebook ba sai da izininsa.