Filin Bakanike: Yadda za a tashi tsohuwar a-kori-kura ta gida

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk a kan mota ɗaya suke, wato Peugeot 504 a-kori-kura, wadda kamfanin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ya daɗe yana harhaɗawa. Kamfanin ya fara aiki a 1975, kuma har yau da wuya ka shiga garin da babu ɗaya daga cikin motocinsa a jingine bayan wani gida. Mun zaɓi tambayoyi biyar.

TAMBAYA: Mahaifinmu ya rasu ya bar mana 504 a-kori-kura. Shekararta 11 a ajiye ƙarƙashin darbejiya, ba a taɓa kunna ta ba. Yayyena sun ce a fara kai ta wajen mai fenti. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Allah ya jiƙan mahaifinku, Malam. Ka ba yayyenka haƙuri, fenti shi ne aikin ƙarshe. Motar da aka fesa kafin a gyara ƙasanta sai an sake kankare ta, kuɗin ya zama biyu.

Abin farko, kada ka sa mata batir ka murza makulli. Shiga ƙarƙashinta da tocila da ƙaramar guduma, ka bi ƙarfen shasi daga gaba zuwa baya kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tas, wanda tsatsa ta ci kuwa sai ka ji buf, wani lokaci ma gudumar ta burma. Ka fi tsayawa a inda sifirin ɗin baya ya kama shasi, da saman shakazoba na gaba, da ƙarƙashin mazaunin batir. Ruɓewar daɓen da ake taka ƙafa ba abin tsoro ba ce, faci ne kawai. Amma in maƙalan sifirin sun ruɓe ta ɓangarorin biyu, ku zauna ku yi lissafi kafin ku kashe ko sisi.

In shasi ya ci jarrabawa, sai injin. Cire fulogi huɗun, ka zuba baƙin mai cokali biyu a kowane rami, ka bar shi kwana biyu. Sannan ka sa sifana a notin gaban karanshaf ka juya da hannu, a hankali. In ya zagaya sau biyu ba tare da ya cije ba, alhamdu lillahi. In ya ƙi, kada a ja motar da igiya a saki kuloci don a tilasta masa; haka ake karya ringi, a lanƙwasa sandunan da ke tura bawul. A ƙara masa mai da haƙurin mako guda.

Ya juya? Juye tsohon baƙin mai, ka canza filta, ka zuba sabon 20W-50 wajen lita 4. Tankin fetur kuwa a sauke shi gaba ɗaya, domin fetur ɗin da ya shekara 11 ya koma kamar ƙaro, zai toshe kafireta cikin minti biyar. Tashin farko a yi shi daga galan mai tsabta da sabon tiyo. Kafin a mayar da fulogi, a yi ta ba ta kik na daƙiƙa goma-goma har jar fitilar mai ta mutu, alamar mai ya hau ko'ina. Tazarar bakin fulogi milimita 0.6, ta kwantak milimita 0.4. Wuta tana bin 1-3-4-2, kuma ga inda yaran gareji ke yawan faɗawa: a wannan injin, silinda ta ɗaya ita ce ta baya, wadda ke kusa da giya, ba ta gaban lagireto ba.

Ko ta tashi tana silo lafiya, kada ka hau titi sai an taɓa birki. Man birki yana shan danshi, don haka bayan waɗannan shekaru cikin masta, wato babban famfon birki, da silindojin ƙafa ya yi tsatsa. A canza robobinsu, a canza duk tiyon roba na birki ko da ana ganinsa kamar lafiya, don ta ciki yake kumbura, a zuba sabon DOT 4, a fitar da iska ana farawa daga ƙafar da ta fi nisa da masta. Tayoyi ma sun tashi aiki ko da zanensu na nan. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2312 na nufin mako na 23 na 2012.

TAMBAYA: An canza mini gaskit na kan injin saboda zafi. Bayan mako biyu baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa. An sake canza gaskit, bai daina ba. Bakanike ya ce injin ya mutu, in sayi na wata mota. Daga wani Alhaji a Maraɗi.

AMSA: Alhaji, da wuya injinka ya mutu. Zarginmu ya fi karkata ga yadda aka cire kan. Injin fetur na 504, ko mai 1796 cc ne ko mai 1971 cc, silif ɗinsa, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a ciki, ba a manne suke da bulok ba. Zura su ake yi, ruwan sanyaya injin yana zagaye su kai tsaye, kuma a gindin kowanne akwai siririn gaskit da ke raba ruwa da mai. Kan injin ne kaɗai ke danne su. Da zarar an ɗaga kan sama da ƙarfi, silif na iya biyo shi. Haka kuma in aka juya karanshaf alhali kan yana waje, fistin sai ya turo silif sama ko da kaurin gashi ne, gaskit ɗin gindi ya saki, ruwa ya gangara cikin mai. Daga nan ko gaskit goma aka sa a sama, banza ne.

Gyaran shi ne a sake buɗewa, a zaro silif huɗun bayan an yi wa kowanne lamba tare da fistin ɗinsa, a kankare mazauninsu fes, a sa sababbin gaskit na gindi. Kowane silif dole ya ɗara fuskar bulok da 'yar tazarar da ido ba ya gani, sai an auna, kuma kaurin gaskit ɗin gindi ne ke daidaita ta. Bakaniken da ba shi da abin auna wannan, a bar shi da canza fanbel. Kan kuma na alminiyam ne, zafi na sa shi ya lauye, don haka a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a duba kafin a mayar. Ɗaure notinansa da sifana mai awo ake yi, daga tsakiya zuwa gefe, kuma a sake ɗaurewa bayan kilomita 1,000.

Nan gaba in za a cire kan, a kwance noti, a girgiza shi gefe da gefe har ya saki kafin a ɗaga, sannan a danne silif da manyan wasa da gajerun noti.

Tunda an buɗe, a saita bawul injin yana sanyi ƙalau, ya kwana bai yi aiki ba: na shigar mai milimita 0.10, na fitar hayaƙi 0.25. Juya injin har bawul na hayaƙin silinda 1 ya buɗe gaba ɗaya, ka saita na shigar 3 da na hayaƙin 4. Na hayaƙin 3 a buɗe, saita shigar 4 da hayaƙin 2. Na 4 a buɗe, shigar 2 da hayaƙin 1. Na 2 a buɗe, shigar 1 da hayaƙin 3.

TAMBAYA: Bakanikena ya cire tamostat ya jefar, ya ce ƙasar zafi ba ta buƙatarsa. Gaskiya ne? Daga Azare.

AMSA: A'a, ɗan'uwa. Tamostat shi ke hana ruwa zuwa lagireto har sai injin ya ɗumama. Injin da babu shi yana daɗewa bai ɗumama ba, musamman da safiyar hunturu, sai ya sha mai ya cinye ringi. In mota na zafi, a buɗe lagireto a zure bututunsa, a duba famfon ruwa da murfin lagireto. A daina zuba ruwan rijiya kuma, shi ke barin farin dutse a ciki.

TAMBAYA: Wata shida da yi wa tamu fenti, ga shi ya fara ƙuraje a ƙasan ƙofofi da gindin gilashin gaba. Mai fenti ya ce rana ce. Daga wata Hajiya a Kano.

AMSA: Hajiya, ba rana ba ce, tsatsa ce aka binne da ranta. Ki sa a ɗauki maganaɗisu a bi wuraren. Inda ya ƙi kamawa, bodi fila ce aka labta maimakon ƙarfe. Fila bai kamata ta wuce kaurin milimita 3 ba, aikinta share 'yan ramuka ne, ba toshe huji ba.

Wurin da ya ruɓe yanke shi ake yi har a kai ga farin ƙarfe, a ƙara santimita biyu bayan inda tsatsar ta tsaya, a yanko faci daga falan ƙarfe mai kaurin milimita 1. Walda ɗigo-ɗigo ake yi, ana tsallakawa ana barin wurin ya huce. Mai walda da kabaid da ya ja wuta a layi ɗaya zai lauye ƙofar, sannan ya rufe laifinsa da fila. Don gindin gilashi, dole a cire gilashin, kuma a sayi sabuwar robarsa, tsohuwar ce ta bar ruwa ya kwanta tun farko. Ƙasan kowace ƙofa akwai 'yan hujojin fitar ruwa. Ƙurar shekaru ta toshe su, a zure su da waya.

Bayan walda, firaimar ifoksi shafi biyu a kan tsiraicin ƙarfe a ranar da aka goge shi, sannan fila, sannan firaimar cika rami, a goge da sanfefa 400 zuwa 600, sai fenti. A bi awon da ke jikin gwangwani, kada a tsinka da tina don ya auku. Ki hana a fesa a fili lokacin ƙurar hunturu ko ranar da hadari ya haɗu. Kuma ki riƙa zuwa garejin kafin a shafa firaima, domin da an rufe, ba mai sanin abin da ke ƙasa.

TAMBAYA: Ina so in zamanantar da ta kakana: fitilu masu haske, na'urar sanyi, manyan tayoyi, ƙarin sifirin, watakila ma injin Toyota. Me kuka gani? Daga wani matashi a Zariya.

AMSA: Samari, wasu mun yarda, wasu ba mu yarda ba. Fitilu, bismilla, amma matsalar ba ƙwan ba ce. Wutar tana bi ta tsohon makunni da tsofaffin wayoyi, sai ta iso a gajiye. Sa rile (ɗan makunnin lantarki mai ɗauke wa makunnin fitila nauyin wuta) biyu masu amfiya 30, ɗaya na dogon haske ɗaya na gajere, ka ja waya mai kaurin 2.5 mm² kai tsaye daga batir ta cikin fiyus, ka goge wayar ƙasa inda ta kama bodi. Ƙwai mai wat 60/55 zai ishe ka. Mai wat 100 babu rile narka makunni yake yi.

Na'urar sanyi tana yiwuwa, sai dai ta zo bayan lagireto ya zama sabo, an ƙara fankar lantarki a gaba, an sa altaneta mai ƙarfi. Tayoyi ka tsaya kusa da girman asali, masu ɗaukar kaya. Faffaɗar taya tana sa sitiyari nauyi, tana cin boris, tana goga bodi in an yi lodi. Ƙarin ganyen sifirin ba ya ƙara wa shasi ko birki ƙarfi. In babu kaya sai bayan motar ya riƙa tsalle, ƙarshenta tsagewa a maƙali. Sababbin bushin da shakazoba sun fi maka amfani. In za ka shimfiɗa katako a bayanta, ka fenta ƙarfen ƙasa tukuna, ka bar tazarar milimita 5 tsakanin alluna don ruwa ya wuce.

Canjin injin ne ba mu goyi baya ba, sai in bulok ya fashe. Zai ja maka sababbin mazaunai, giya, yanke farfela, sauya salansa da wayarin, ga gyaran lambar injin a takardun mota. Kayan injin 504 kuwa har yanzu ana samunsu a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. In za ka je, tafi da tsohon abin a hannu da lambar da ke jikin bulok, domin silif da fistin na 1796 ba girmansu ɗaya da na 1971 ba.