Amsa kan fita gudu a sanyin Otawa da hutun yara na Disamba

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da zuwa Kanada, Allah ya sa an shigo a sa'a. Ka ce a Kaduna ka saba fita gudu bayan asuba, kana so ka ji ko zai yiwu a sanyin nan, sannan ka rasa abin da za ka yi da yara a hutun mako biyu na ƙarshen Disamba. Na kwana biyu a garin nan, kuma amsata a kan tambayoyin duka ɗaya ce: ku fita waje, kai da su.

Dusar ƙanƙara takan fara sauka a Nuwamba, ba ta gama narkewa sai an shiga Afrilu, kuma abin da ke zuba a Otawa a shekara ya haura mita biyu. Wanda ya ce zai ƙule a ɗaki sai sanyi ya wuce, kusan rabin shekara zai yi a ƙulle. Ga duhu kuma. A Disamba kafin ƙarfe huɗu da rabi magariba ta yi, mutum ya fita aiki da duhu ya dawo da duhu. Wannan shi ke kayar da mutanenmu fiye da sanyin kansa: kasala, yawan ci, saurin fushi, ƙuncin da ba ka san dalilinsa ba.

Amfanin gudun a wurina ba na sai an jira wata shida a hau sikeli ba ne, a ranar nake karɓar ladana. Ranar da na fita ko da na minti talatin ne, da na kwanta barci ke ɗaukata, hayaniyar yara ba ta hau mini kai, uwargida ma takan gane ba sai na faɗa ba. Minti goman farko babu daɗi, wannan kam ba zan ɓoye maka ba. Hanci na zuba, yatsu na zafi, zuciya na cewa koma gida. Daga nan jiki ya ɗau ɗumi, sai ka fara jin dusar tana ƙara ƙarƙashin takalmi, ƙiiƙ ƙiiƙ, wadda ba ta yi sai sanyi ya tsananta. Gemu ya yi fari fat da tururin numfashinka. Ka ga sawun zomo ya ratsa hanya babu wanda ya riga ka takawa. Mutanen nan ba masu yawan gaisuwa ba ne, amma duk mai gudun da kuka yi kiciɓis a irin wannan safiya sai ya ɗaga maka hannu.

Sai dai ka sassauta batun asuba tukuna. Lokacin ne sanyi ya fi tsanani, kuma sau da yawa motocin kwashe dusa ba su gama share gefen titi ba. Idan aikinka ya ba da hali, ka fita da tsakar rana, ka haɗa da ganin rana. Mu masu baƙar fata likitocin nan sukan yi mana maganar bitamin D a watannin nan, ka tambayi naka, kuma idan kana da asma ko hawan jini ka faɗa masa kafin ka fara.

Kaya kuwa, ka rabu da auduga a jikin fata, domin tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya sai ta daskarar da kai. Rigar ciki ta ulu ko ta roba mai saurin bushewa, wata a kanta, sai jaket marar nauyi mai tare iska. Ka fito kana ɗan jin sanyi, kar ka jibga kaya. Hular sanyi, safar hannu, ƙyallen rufe wuya da baki, man kaɗanya ko basilin a leɓe da kumatu. Ka fara tafiya kana fuskantar iska, ka dawo tana bayanka lokacin da ka jiƙe da gumi. Abin tsoro shi ne siririyar ƙanƙarar da ba a gani, wadda ke kwanciya bayan an ɗan yi narkewa da rana dare ya sake daskarewa. A irin ranar ka rage faɗin taku, ka tafi kamar mai ɗauke da tulu, ko ka sayi ƙusoshin da ake ɗaura wa takalmi. Hukumar yanayi ta Kanada ta ce idan sanyi haɗe da iska ya kai digiri 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe na iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Ni daga nan nake haƙura in zauna gida.

Batun yara shi ne ya fi mini daɗin faɗa. Kowa zai ce maka ka kai su magudanar Rideau, inda ake zamiya a kan ruwan da ya daskare tsawon kilomita 7.8. Wuri ne mai kyau, amma kar ka yi musu alkawarinsa a hutun Disamba. Ba a buɗewa sai kaurin ƙanƙarar ya kai santimita 30, yawanci a Janairu, kuma a sanyin 2022 zuwa 2023 ba a buɗe ba sam. Akwai filin zamiya na kyauta a gaban ofishin magajin gari wanda injin ke daskarar da shi, shi ya fi tabbas. Bikin sanyi na Winterlude kuma sai ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu.

Abin da 'ya'yana suke ta maimaitawa yanzu da suka girma, ba wanda na kashe wa kuɗi ba ne. Tudun Green's Creek ne, inda yara ke zamiya a kan dusa, da faifan roba guda ɗaya da suke faɗa a kansa, ni ina jan autan zuwa sama ina haki duk da taƙamar da nake yi da gudu. Da filas ɗin kunun gyaɗa da mahaifiyarsu ke ajiyewa a mota, su sha hannu na rawa. Da shekarar da Hajiya ta zo daga Zariya, ta rantse ba za ta taka waje ba, ta kafa kujera a bakin taga tana salati duk sanda ɗaya ya faɗi. Yaran suka tara dusar da na kwashe da shebur suka gina katanga a tsakar gida, suka bar mata ƙofa, suka ce ganuwa ce. Sai ga Hajiya ta fito da zani biyu, da bargo, da takalmin ƙaton jikanta, wai za ta duba ko ginin ya miƙe. Ta ɗebi dusar ta murza, ta ce gari ne ba a tankaɗe ba, ta koma ciki. Har yau da wannan maganar suke tsokanarta a waya.

Ka sa musu hular kwano idan za su zamiya a tudu, kuma ku tsaya kan tuddan da hukumar birni ta amince da su. Safar hannu ka sayi biyu-biyu, domin ɗaya kullum tana kan hita tana bushewa. Kayan sanyin yara kar ka saya sabo, shekara ɗaya suke yi su yi kaɗan, shagunan gwanjo cike suke da su. Idan ƙaramin naka bai wuce shekara shida ba, akwai wando da takalmin autana a ajiye, ka yi mini magana ta gefe in kawo maka masallaci ranar Juma'a.