Daga Wuri Zuwa Dala: Amsar Tambayoyinku Kan Kalmomin Kuɗi

Tambayoyin da suka zo mini a wannan karon sun fi karkata ga kuɗi da bashi da canji. Na ɗauki biyar daga ciki.

Wata malamar makaranta daga Katsina ta ce: "Malam, muna ji a labarai ana cewa wuri na gugar wuri har naira miliyan goma. Ɗalibaina sun tambaye ni wane wuri ne ke gugar wani, sun ɗauka wurin zama ake nufi."

Malama, Allah ya yi wa yaran nan albarka, tambayarsu ta masu hankali ce. Wurin da ake nufi shi ne ɗan farin ƙoƙon nan na teku, mai tsaga a ciki da 'yan haƙora, wanda yau ba a cika ganinsa ba sai a jikin kayan ado ko a hannun 'yan bori. Shi ne kuɗin kakanninmu. In an zuba shi da yawa a buhu ko a kan tabarma, ɗaya yana gogar ɗaya yana ƙara, wato tsabar kuɗi ke nan a hannu, ba alkawari ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Ɗaya wuri, da yawa kuɗi. A Sakkwato da wasu sassan Nijar har gobe kuɗɗi ake cewa, kuma matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, kurdi ya riƙa rubutawa. Shi ya sa muke cewa "kuɗi sun ƙare", kuma kirarinsu masu gidan rana ne, ba mai gidan rana ba. Da asalin ya ɓace wa mutane, sai aka ɗauki kuɗi tamkar tilo, aka sake yi masa wani jam'in, kuɗaɗe. Duka biyun sun zauna a harshe, ba na ganin laifin kowanne.

To, daga ina wuri yake zuwa, alhali ƙasar Hausa ba ta da teku? Daga tsibiran Maldibis, can cikin tekun Indiya. Matafiyin nan na Maroko, Ibn Battuta, ya zauna a tsibiran a ƙarni na 14, ya ga ana sayar da wuri 400,000 a dinari ɗaya na zinariya. Da ya zo Mali da Gao kuma ya tarar 1,150 kacal ake bayarwa a dinari. Dubi irin ribar da ke tsakanin nan! Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. A lokacin jiragen Turawa na kwaso shi ta Amsterdam da Landan suna saukewa a gaɓar Afirka ta Yamma, kuma abin baƙin ciki, da shi aka sayi bayi masu ɗimbin yawa. Daga gaɓa fatake ke hauro da shi arewa.

Ƙidayarsa ma sana'a ce. Mai ƙirga zai zauna a ƙasa, ya baje tsibin a gabansa, yana jan biyar-biyar da yatsu yana tarawa. Ɗari shi ne zangu. Dubu-dubu kuwa da zambar ake faɗarsu, kalmar da ta rage mana a "zambar kuɗi". Dubu ashirin shi ne keso, da sunan tsohuwar tabarmar da ake ɗinke su a ciki, kuma keso guda kayan ƙato ne. Barth ya tarar ana canja dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500 a Kano. A daidai wannan zamanin 'yan kasuwar Hambug ta Jamus suka gano wani wurin mai araha a gaɓar Zanzibar, suka dinga ciko jirage da shi. Kasuwa ta cika maƙil, daraja ta zube, har ladan ɗaukar kuɗi zuwa gari mai nisa ya riƙa cinye wani babban kaso nasu. Mai saƙa a Kano bai san Hambug ba, amma abin da aka ƙulla a can ya taɓa masa aljihu. A farkon ƙarni na 20 Ingilishi suka hana shigo da wuri, suka kawo nasu: anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule, fam. Ki gaya wa ɗalibanki cewa duk wanda ya ce "ba ni da ko anini" yana ambaton kashi ɗaya cikin goma na kwabo ne.

Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ya ce: "A wurinmu dala sefa biyar ce, amma a Najeriya in an ce dala kuɗin Amurka ne. Wa ya ari ta wani? Kuma tana da dangantaka da Dutsen Dala?"

Alhaji, in fara da ta ƙarshe: babu dangantaka ko kaɗan. Dalar Kano suna ne tsoho da ya riga kuɗin zuwa da ɗaruruwan shekaru.

Dalar kuɗi kuwa, ku da Amurkawa duk a wuri ɗaya kuka aro. A farkon ƙarni na 16 aka fara buga wani babban tsabar azurfa a wani kwari mai suna Joachimsthal, a ƙasar Bohemiya, cikin Jamhuriyar Cek ta yau. Aka taƙaita sunan ya koma tala, mutanen Holan suka ce dalda, Ingilishi suka ce dola. Wanda ya iso mana ta hamada shi ne mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wanda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinsa ko da an buga shi shekara ɗari bayan haka, domin 'yan kasuwar Larabawa da Habasha da Sudan ba sa yarda da wanda aka sauya wa kama. Da Faransawa suka zo da azurfarsu ta faran biyar, mai kama da shi a girma, sai mutanenku suka maƙala mata tsohon sunan. Ga dalilin da ya sa mai tumatir a kasuwar Maraɗi za ta ce maka dala ashirin, kai kuma ka miƙa sefa 100 ba tare da wani lissafi ba, jika kuma dala ɗari biyu ce, wato sefa 1,000. A Najeriya ma, zamanin fam da sule, sule biyu ake kira dala, jaka kuma fam 100. Saboda haka Bahaushe ya san dala tun kafin ya san Amurka.

Yadda ta Amurka ta danne sauran kuwa, labarin yaƙi ne. A watan Yulin 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wakilan ƙasashe 44 suka taru a Bretton Woods, a jihar New Hampshire. Masanin Ingila, Keynes, ya so a ƙirƙiro kuɗin duniya da ba na kowace ƙasa ba. Wakilin Amurka, Harry Dexter White, bai yarda ba, kuma tunda mafi yawan zinariyar gwamnatocin duniya na hannun ƙasarsa, maganarsa ce ta ci. Aka ɗaure kuɗin ƙasashe a jikin dala, dala kuma a jikin zinariya, dala 35 kowace oza. Aka tafi a haka har Amurka ta buga dalar da ta fi ƙarfin zinariyarta, ga yaƙin Biyetnam na cin kuɗi, ga ƙasashe irin su Faransa suna kawo takarda suna neman a ba su zinariya. Ranar 15 ga Agusta, 1971, Shugaba Nixon ya ce an daina. Zuwa 1973 manyan kuɗaɗen duniya sun koma hawa da sauka gwargwadon yadda kasuwa ta kama, kuma daga nan canji ya zama babbar kasuwa, tun daga bankunan Landan har zuwa 'yan canjin Wapa a Kano.

Kai ma ka ɗanɗana, in shekarunka sun kai. A Janairun 1994 aka kwana faran ɗaya na Faransa yana sefa 50, aka wayi gari yana sefa 100. Mai dala dubu ta sefa a ƙarƙashin katifa bai rasa ko ɗaya ba a ƙirga, amma rabin ƙarfinsu ya tafi.

Wani ɗalibi daga Zariya ya ce: "Me ya sa gidajen rediyo ke cewa Asusun Ba da Lamuni na Duniya? Ai bashi suke bayarwa. Mene ne bambancin lamuni da bashi da rance da aro?"

Ɗana, kalmomin nan huɗu kowacce da gurbinta, kuma ina takaicin yadda ake cakuɗa su. Aro, abin da ka karɓa shi za ka mayar: fartanya, keke, littafi. Rance, ka cinye ko ka kashe, ka mayar da kwatankwacinsa: kuɗi, mudun gero. Bashi shi ne nauyin da ke wuyanka har ka biya, ko ta rance ya hau ka ko ta ciniki. Lamuni kuwa yarda ce da tsayawa. Asalinsa Larabci ne, daga kalmar da ke nufin tsaya wa mutum, kuma harafin ladi na Larabci yakan koma "l" a bakinmu, kamar a alƙali da alwala da farilla da larura.

In kana son ganin lamuni da idonka, je zangon shanu a Kudu. Falke ya kawo shanu daga Arewa, mahauci na so amma ba shi da kuɗi sai ya yanka ya sayar. Falke bai san mahauci ba, mahauci bai san falke ba. Maigidan da falke ya sauka a wurinsa shi zai ce, "Ba shi, na lamunta." In mahauci ya gudu, maigida ne zai biya daga aljihunsa, in kuwa ya ƙi, ba baƙon da zai sake sauka a gidansa. Babu takarda, sunansa ne jinginarsa.

Don haka ina ganin waɗanda suka zaɓi lamuni sun yi fassara mai kyau, wataƙila ma fiye da yadda suka zata. Asusun da aka haifa a Bretton Woods tare da Bankin Duniya yana ba da rance, gaskiya ne, amma abin da ƙasashe suka fi nema a wurinsa shi ne ya ce "na lamunta", domin sauran masu bin bashi su sassauta. Lamunin kuma da sharaɗi yake zuwa: a karya darajar kuɗi, a janye tallafi, a sayar da kamfanonin gwamnati. Nan ne karin maganar nan ke shigowa, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 1985 gwamnatin Janar Babangida ta buɗe muhawara kan karɓar rancen Asusun, jama'a suka ƙi, aka ce an fasa. Amma a 1986 aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, mai ɗauke da kusan duk sharuɗɗan, aka fara gwanjon dala a watan Satumba. Nairar da ta fito a 1973 tana fin dala ɗaya daraja ta gangara ƙwarai. Bayan an sake sakin ta ga kasuwa a Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Abin da ke ci mini rai a karin maganar shi ne, sau da yawa wanda ya ci ladan daban, wanda ake miƙa wa askar daban: ma'aikaci da ɗan fansho da mai sayen magani.

Wata 'yar'uwa daga Kumasi ta ce: "An ce riba haramun ce, amma muna yi wa ɗan kasuwa addu'ar samun riba. Yaya ke nan?"

Hajiya, kalmomi biyu ne boko ya haɗe su a rubutu. Ta ciniki, wadda ake jan wasalinta na farko, daga ribhu ta Larabci take, halal ce. Wadda Alƙur'ani ya haramta wasalinta na farko gajere ne, ita ce ƙarin da ake ɗora wa rance, wanda muke kira kuɗin ruwa, abin da aka ranta kuma uwar kuɗi. In kina rubutu kina tsoron ruɗani, rubuta kuɗin ruwa, kin huta.

Wani ma'aikacin banki daga Kaduna ya ce: "Na ji wani jami'i yana kare ciwo bashi da cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, har Amurka ma ana bin ta. Ya yi amfani da karin maganar daidai?"

Malam, ta fuskar zahiri bai yi ƙarya ba, bashin gwamnatin Amurka ya wuce dala tiriliyan 30 tun 2022. Amma karin magana yana da mai faɗa da wanda ake faɗa wa. Wannan na rarrashi ne. Ana faɗa wa wanda kunyar bashi ta hana shi fita, ko a faɗa wa mai bin bashi da ya tsananta, don ya tuna shi ma watarana zai nema. Ban san Hausawa da ba wa wanda zai je ciwo sabon bashi shi a matsayin guzuri ba.

Kwatancen da Amurka ma ya gurgunce. Ita da kuɗinta take cin bashi, kuɗin da ita ke bugawa. Ƙasar da ta ci bashi da dala, kuɗin shigarta kuma naira ne ko sidin Gana, duk ranar da kuɗinta ya faɗi da rabi bashinta ya ninka ba tare da ta ƙara karɓar ko sisi ba. Gana ta ga haka, har ta dakatar da biyan mafi yawan bashinta na waje a Disambar 2022. Najeriya kuma sai da ta biya kimanin dala biliyan 12 kafin ƙungiyar masu bin bashi ta Paris ta yafe mata kimanin biliyan 18 a yarjejeniyar 2005. In ka sake haɗuwa da jami'in, tambaye shi da wane kuɗi za a biya, kuma a wace shekara.