Wace fitilar bango ce ta dace da salon ƙasashen Arewacin Turai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna gab da kammala ginin gidanmu, kuma ina son falo da ɗakin kwana su fito a salon nan na su Denmark da Suwidin, mara tarkace. Na ga fitilun bango iri-iri a kasuwa har sun ruɗa ni. Me zan duba kafin in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa a tare lafiya.

Kafin ki kalli surar fitila, ki sa mai shago ya kunna miki ita. Idan kika tsaya gabanta kwan ya soki idonki, ki bar masa kayansa, komai kyanta. A kan wannan aka gina salon gaba ɗaya. A Kopenhagen, babban birnin Denmark, hasken rana na kusan awa 7 ne kawai a watan Disamba, a Tromso ta ƙasar Norway kuwa ranar ba ta fitowa sam daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. Wanda zai yi watanni yana wuni a hasken fitila dole ya damu da wane irin haske ne. Shi ya sa Poul Henningsen, mutumin Denmark, da ya ƙera fitilar PH a 1926 tare da kamfanin Louis Poulsen, ya yi mata murfi uku, ya jera su yadda ko ta ina aka tsaya ba a ganin kwan. Hasken sai ya daki murfi tukuna ya sauko a tausashe. Ba sai kin sayi ta kamfanin ba, tsadarta ba kaɗan ba ce, amma ki nemi mai wannan hali.

Sai launin hasken, kuma a nan ne mutane da yawa ke ɓata aikinsu. Ki duba jikin kwalin kwan, ki ɗauki mai 2700K zuwa 3000K, wato mai ɗan ja-ja. Farin nan mai 6500K da ya cika kasuwanninmu yana mai da falo kamar ɗakin asibiti.

Jikin fitilar ya zama ƙarfe mai fenti mara ƙyalli, fari ko baƙi ko ruwan toka, ko katako, ko farin gilashin da ba a ganin cikinsa. Masu ruwan gwal da duwatsu masu walƙiya ba na wannan salon ba ne.

A gefen gado na fi son mai kai da ake lanƙwasawa, irin fitilar AJ da Arne Jacobsen, shi ma mutumin Denmark, ya zana wa otel ɗin SAS Royal na Kopenhagen da aka buɗe a 1960. Kina karatu, haske na kan littafinki, maigida na barcinsa. Ki zauna a kan gadon a auna daidai kafaɗarki, nan za a kafa ta. A falo da baranda kuwa, mita ɗaya da rabi zuwa 1.7 daga ƙasa. Ki nuna wa mai wayarin wuraren tun kafin a yi filasta, don waya a fili tana kashe salon.

Abu biyu da mutanen can ba sa fama da su kamar mu: ƙura da wutar da ke hawa da sauka. Fitila mai buɗaɗɗen baki ta sama tana tara ƙurar hunturu da ƙwari, mai murfin takarda ko yadi kuma ba ta goguwa. Saboda hawa da saukar wuta kuma, ki guji wadda aka haɗe kwan da jikinta. Ki ɗauki mai mazaunin E27 ko E14, wato na kwan da ake murɗawa, in kwan ya ƙone ki canza shi kaɗai. Ta banɗaki kuma ki tabbatar an rubuta mata IP44 ko sama da haka, saboda feshin ruwa.