Tambaya da Amsa: Makauniyar da ta tsara waƙoƙin yabo sama da 8,000

Tambaya: Ina gaishe ku da aiki. Jikanyata 'yar shekara 12 ce, ba ta gani tun tana goye, amma tana cikin mawaƙan majami'armu. An ce mana wata makauniya ce ta tsara da yawa daga waƙoƙin da muke rerawa. Wace ce, kuma yaya ta yi rubutu babu ido? (Wata kaka daga Sabon Gari, Damagaram)

Amsa: Inna, muna amsawa. Sunanta Fanny Crosby, an haife ta ranar 24 ga Maris 1820 a jihar New York ta Amurka, ta rasu ranar 12 ga Fabrairu 1915 tana da shekara 94. Tana da mako shida idonta ya kumbura, wani mai magani ya ɗora mata haɗin mastad mai zafi a kai. Danginta sun ɗora laifin makantar a kan wannan, kodayake wasu likitocin yanzu suna ganin da ita aka haife ta. Ba ta cika shekara ɗaya ba mahaifinta ya rasu, uwa ta fita aikatau, reno ya koma hannun kakarta Eunice, kamar dai ke.

Ba da hannu ta yi aikin ba, da ka ta yi. Tun tana ƙarama aka ɗora ta a kan haddar Littafi Mai Tsarki, sura biyar kowane mako, har ta haddace Linjila huɗu, littattafan Musa biyar, Karin Magana, Waƙar Waƙoƙi da Zabura masu yawa. Daga wannan rumbu take ɗebo kalmomi. Takan fara da addu'a, ta zauna da dare idan gida ya yi tsit, ta tsara waƙa a zuciya, ta gyara ta, ta riƙe da yawa a ka, sannan ta yi wa marubuci shifta.

A 1835 ta shiga makarantar makafi ta New York, daga baya ta koyar a can. A Nuwamba 1850, a wani taron farkawa, ta ba da kanta ga Almasihu ɗungum. Ta auri makaho mawaƙi a 1858, jaririn da suka samu bai rayu ba. Waƙoƙin yabo ta kama gadan-gadan ne a 1864. Dala ɗaya ko biyu ake biyanta a kowace waƙa, abin da ya ragu kuma ta raba wa matalautan unguwar da ta zaɓi zama cikinsu.

Ga jikanyarki, a fara da aya biyu a rana. A karanta mata sau uku, ta maimaita, gobe ta biya ta jiya kafin a ƙara sabuwa, ranar Asabar a yi tilawar mako duka. Inda ake kuskure shi ne ƙara sabo babu tilawa: cikin wata guda na farko ya zube. A ɗauki muryar mai karatu a salula don ta saurara ita kaɗai, a kuma nema mata rubutun makafi mai ɗigo shida. Hadda ba ta maye gurbinsa.

Tambaya: Ni ke koyar da mawaƙa. Na gwada sa Hausa a kan karin wata waƙar Fanny Crosby, sai kalmomi su riƙa karyewa. Me ya sa? (Wani malamin waƙa daga Birni)

Amsa: Malam, ƙirga gaɓa kawai ka yi, ba ka auna nauyinta ba. Hausa tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi. A "gafara", ga ta farko doguwa ce, fa gajeruwa. Idan doguwar murya ta faɗa kan fa, kunne zai ji kalmar ta gurɗe. Fara rera karin da "la-la", ka sa alama a inda murya ke ja, ka zuba gaɓoɓi masu nauyi a nan. Kada ka bi kalma da kalma, ɗauki ma'anar baiti ka gina ta da Hausa. Ita ma Fanny Crosby sau da yawa karin ake fara kawo mata: a 1873 ƙawarta Phoebe Knapp, mai tsara karin waƙa, ta kaɗa mata wani, ta tambaye ta me yake cewa, nan take ta amsa da baitin farko na waƙar "Blessed Assurance", wato tabbacin ceto. Ka rera wa tsohuwar da ba ta riƙe da takarda. Duk kalmar da ta ce ka maimaita, sauya ta.

Tambaya: Jaririna kwana biyar, idonsa na fitar da ruwa mai kauri. An ce in ɗiga nono. (Wata mai jego daga Zango)

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki ɗiga komai, ko nono, ko kwalli, ko jiƙo. Ki wanke hannu, ki goge da tafasasshen ruwan da ya huce, daga gefen hanci zuwa waje, kowane ido da tsummansa mai tsabta. Ki kai shi likita yau ɗin nan. Mugunya da kumburin fatar ido a makon farko na iya huda baƙin ido cikin 'yan kwanaki, kuma wani lokaci sai an yi wa jariri allura, a duba uwa da uba su ma.