Amsa ga ƙanina mai fargabar gwajin t

Wa alaikumussalam ƙanina, na ga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha min kai wallahi. Ka ce ka samu gurbin mastas a fannin noma nan Dablin, babban birnin ƙasar Ireland, an turo maka jadawalin darasi ka ga gwajin t mai samfur ɗaya a ciki, kai kuma lokacin furojet ɗinka na digiri wani ka biya a shagon kwamfuta ya haɗa maka babi na huɗu, wato babin nazarin alƙaluma, shi ne gabanka yake ta faɗuwa. To ai ni ma haka na zo, kar ka ji komai.

Gwajin t ɗin nan tambaya ɗaya tak yake amsawa. An ce maka matsakaicin abu kaza ne, kai ka auna kaɗan daga ciki ka samu wani abu daban, to bambancin nan na gaske ne ko dai dace ne kawai na waɗanda hannunka ya faɗa kansu?

Mu ɗauki buhun taki tunda noma za ka karanta. An rubuta kilo 50 a jiki, ka zaɓi buhu 25 ka ɗora a sikeli ɗaya bayan ɗaya, matsakaici ya ba ka 48.8, warwatsuwar awon kuma, wato yadda buhunan suka sha bamban da juna, ta ba ka 2.5. Sai ka raba 2.5 ɗin da tushen 25 wato 5, ka samu 0.5. Sannan ka cire 50 daga 48.8, saura -1.2, ka raba da 0.5 ɗin nan, t ɗinka ya zama -2.4. Shi ke nan fa, lissafin ya ƙare, ko a bayan ambulan za ka yi shi. Sai ka buɗe teburin t ka duba layin 24, don kullum ɗaya ake ragewa daga yawan samfur, a matakin 0.05 mai duba gefe biyu, wato ko nauyin ya gaza ko ya haura, za ka ga 2.064, naka 2.4, in ka ajiye alamar ragin gefe, ya wuce shi, kenan da wuya a ce dace ne. Kwamfuta za ta ba ka p wajen 0.024, ma'ana in da gaske matsakaicin buhunan kilo 50 ne, sau biyu ko uku kawai cikin 100 za ka ga tazara mai girman wannan. Ba wai ta ce dila ɓarawo ba ne fa, ƙila sikelinka ne ma ya lalace, kuma in duk buhu 25 ɗin daga saman tirela ɗaya ka jido su to nan ma sufabaiza zai tsare ka.

Ni nawa abin kunyar a SPSS, wata manhajar lissafin alƙaluma, ya same ni. Akwai wani ɗan akwati a ƙasa, Test Value, nan ake sa lambar da kake gwadawa da ita, kuma shi da sifili yake zuwa in ba ka canza ba. Ban canza ba. Na ga t ya fito wani ƙato, p kuma .000, na kwasa da murnata na kai wa matar da ke duba aikina, ta kalli takardar ta ɗago ta ce min da me kake kwatantawa? Na yi tsuru-tsuru, ashe abin da na tabbatar shi ne nauyin tsirrai na ba sifili ba ne, hhhh. Nan haka suke, ba ruwansu da kyan tebur, dalili za su yi ta tambayarka har sai ka faɗa da bakinka.

Wani abu kuma, salon nan namu na gida da ake cewa duk matsakaicin makin amsoshi da ya haura 2.50 a takardar tambayoyi mai maki 1 zuwa 4 an amince, wanda bai kai ba an ƙi, kar ka kawo shi nan haka tsirara, don 2.55 da 2.50 in mutum 20 ka tambaya ƙila babu wani bambanci, gwajin t ɗin ne zai nuna. Kuma kafin ka danna komai zana datarka ka kalle ta, in samfur kaɗan ne kuma akwai wata lamba da ta yi fitar kutsu can gefe to tana iya jan matsakaicin duka, a nan ake komawa gwajin Wilcoxon, wani gwaji da irin wannan lambar ba ta cika jan sa ba.

Abin dariya, a garin nan da za ka zo aka haifi abin, kuma a kamfanin giya na Guinness, a'uzubillahi. Wani ma'aikacinsu William Gosset ne ya fitar da shi a 1908 yana fama da awon 'yan samfura kaɗan, kamfanin bai bari ya sa sunansa ba sai ya sa Student, shi ya sa har yau za ka ga ana jingina gwajin da wannan suna.

Kafin bizarka ta fito ka sauke jamovi, manhaja ce irin SPSS, kyauta ce ba sai ka nemi lasisi ba, ka je wajen mai shago ka auna ƙullin sukari ko leda 15 na wani abu da aka rubuta nauyinsa, ka fara yi da biro sannan ka sa a kwamfuta ka ga ko sun zo ɗaya. Ka turo min lambobin ta WhatsApp in duba maka. Ka gaida su Hajiya, kuma don Allah in za ka taho ka riƙo min yajin daddawa.